Gudan Jini a Hannun Matasa Majiya Ƙarfi: Ba Targaɗe Ba Ne

A Fabrairun 2025 ƙungiyar ƙwallon kwando ta San Antonio Spurs ta sanar cewa Victor Wembanyama ya gama wasa a kakar, saboda gudan jini a jijiyar kafaɗarsa ta dama. A lokacin shekarunsa 21. Haka aka yi da Brandon Ingram na Lakers a 2019, shi ma yana da shekara 21. Masu cewa daskarewar jini ciwon tsofaffi ne da masu teɓa sai su sake lale. A wannan nau'in, yawan aikin hannun ne ke jawo shi.

Jijiyar da ke mayar da jini daga hannu zuwa zuciya tana bi ta wani matsattsen lungu, tsakanin ƙashin da ya gitta daga ƙasan wuya zuwa kafaɗa da haƙarƙari na farko. Duk ɗaga hannu sama da kai sai lungun ya ƙara tsukewa. Ɗan ninƙaya, mai ɗaga ƙarfe, mai faskare, mai fentin silin, kowannensu yana matse jijiyar nan dare da rana. Tsokar wurin na kauri, bangon jijiyar na samun rauni yana tabo, hanya na ƙanƙancewa, har ranar da jini zai tsaya ya daskare. Tun 1875 likita James Paget ya bayyana ciwon a Landan, likita Leopold von Schrötter ya biyo baya a Vienna a 1884. Ya fi kama maza, galibi a hannun da suka fi aiki da shi.

Akwai masu cewa ciwon bai ƙaru ba, na'urar hoto ce ta yawaita. Suna da ɗan abin kamawa: mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 yake samu a shekara, kuma yawancin gudan jinin hannu robar da ake zurawa majinyata a babbar jijiya ce ke haddasa shi. Amma ƙarancin nan ne ya sa ba a zarginsa.

Wembanyama yana da likitoci a gefensa. Amma matashin da ya tashi da hannu a kumbure, ya yi nauyi, launinsa ya sauya, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a kafaɗa da ƙirji, cewa za a yi targaɗe ne, a shafa man zafi a kai shi tausa. Nan lokaci ke ƙurewa, domin maganin narkar da gudan ya fi aiki cikin mako biyun farko. Bayansa akan sha maganin tsinka jini na aƙalla wata 3, sau da yawa a cire haƙarƙarin farkon don jijiyar ta samu sarari. Wanda ya makara yana iya zama da kumburi da ciwo shekara da shekaru, ko gudan ya ɓalle ya toshe hanyar jini a huhu. Hannu ɗaya da ya kumbura ba faɗuwa ba bugu, asibiti za a kai shi a ranar, a yi masa hoton jijiya.