In Karen Gadi Ya Fara Yi Wa Mutanen Gida Gurnani

Duk wanda ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni da dare, ko ya ratsa rukunin gidajen Kundila, zai ji haushin karnuka daga bayan katanga. A da, an fi sanin kare a hannun mafarauta da makiyaya. Yanzu tsoron ɓarayi ya sa magidanta da masu gareji da masu gidajen kaji suna ajiye shi don gadi. Haka abin yake har a ƙauyukanmu. Malamai sun daɗe da bayanin cewa an yarda a ajiye kare don farauta da tsaron gona da na dabbobi, da yawansu kuma sun haɗa da gadin gida in akwai bukata.

To, amma ga inda ake samun matsala. An kawo kwikwiyo yana wasa da kowa. Da ya shekara ɗaya da rabi ko biyu, sai hali ya sake. Yaro ya kusanci kaskonsa, ya yi gurnani. Uwargida za ta wuce ta zaure, ya tare hanya. Almajiri ya leƙo da ƙoƙonsa, ya kai masa cafka. Maigida kuwa sai ya ɗauko bulala. Wannan bulala ce muke so a ajiye tukuna, a ji bayani.

Me ke sa kare haka?

Kare yakan gama hankalinsa ne tsakanin shekara 1 zuwa 3, kuma a wannan tsakanin ne halin tsaro yake fitowa sosai. Tsare abinci ɗabi'arsa ce tun asali. Dubi karnukan da ke kiwo a juji ko a bayan mahauta: wanda bai tsare ƙashinsa ba da yunwa zai kwana. Karen gida ma da wannan ɗabi'a aka haife shi. Yakan tsare kasko, ko ƙashi, ko inuwar da yake kwanciya, ko ƙofar gida, wani lokaci har da mutumin da ke ba shi abinci. Karya mai jego kuwa ba ta yarda kowa ya doshi 'ya'yanta.

Yawancin wannan faɗa tsoro ne ke kawo shi. Kare yana tsoron za a ƙwace masa abin da ke gabansa, ko za a dake shi kamar jiya. Akwai kuma ciwo. Karen da ya shekara biyar lafiya lau, rana ɗaya ya fara kai cizo in an taɓa shi, a fara duba jikinsa. Ruɓaɓɓen haƙori, ciwon kunne, kaska, ƙaya a dagi, ciwon gaɓoɓi na tsufa, duk suna sa shi ƙunci. Wannan aikin likitan dabbobi ne, kuma akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Kundila da Gwale.

Sai maganar sarƙa. Wasu suna cewa in kana son kare ya yi zafi, ɗaure shi ko ka kulle shi a keji duk yini, kada ya ga kowa, ka kuma rage masa abinci. Zai yi zafin, ba shakka. Sai dai zafin da bai san ɓarawo da ɗan maigida ba. Karen da ke ɗaure ba shi da hanyar gudu in ya tsorata, haƙori kaɗai ya rage masa. Wani bincike da aka yi a birnin Denver na Amurka, aka buga a 1994, ya gano cewa karen da ake ɗaurewa da sarƙa a tsakar gida ya fi wanda ba a ɗaurewa yin cizo kusan ninki uku. Ka haɗa wannan da ranar Kano ta watan Afrilu, ba inuwa, ruwan kasko ya ƙafe tun hantsi, yaran unguwa kuma na jifansa ta saman katanga. Ko mutum aka yi wa haka, ai sai a hankali.

Kare ba ya cizo sai ya yi magana

Hausawa sun ce in ka ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi. Cizo ma yana da nasa sunsune. Da farko kare zai lashi hancinsa, ko ya yi hamma ba don barci ba, ko ya kau da kai yana kallonka ta gefe har ka ga farin idonsa. In yana cin abinci, zai ƙara sauri, ya sunkuya ya rufe kaskon da ƙirjinsa. In ka ci gaba da matsowa, sai ya sandare kamar an dasa shi. Wannan sandarewa ita ce babbar alama, kuma ita mutane suka fi rainawa. Bayanta sai gurnani, sai yaƙe haƙora, sai cafkar iska, sannan cizo. A kula, kaɗa bindi ba kullum ne murna ba. Bindin da ya miƙe sama ƙiƙam yana ɗan rawa, jiki a sandare, gargaɗi ne.

Gurnani fa alheri ne a gare ka, domin sanarwa ce kafin ɓarna. In ka dake shi duk lokacin da ya yi gurnani, zai daina gurnanin, amma tsoron da ke cikinsa yana nan, har ya ƙaru. Ranar da ƙaramin yaro ya rarrafo wajen kaskon, ba za a ji komai ba sai ihun yaron.

Likitocin dabbobi na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun tambayi masu karnuka 140 irin horon da suke yi, suka buga sakamakon a 2009. A cikin karnukan da aka doka ko aka shura, kashi 43 cikin 100 sun mayar da faɗa. Waɗanda aka ɓamɓare musu abu daga baki da ƙarfi, kashi 39. Waɗanda aka kayar aka danne a ƙasa don a nuna musu wane ne maigida, kashi 31. Masu yin horo da kyautar abinci kuwa, kaɗan ne ƙwarai suka ga haka.

Yadda ake gyara

Kafin horo, a fara da raba kare da abin da ke jawo faɗan. A ba shi abinci sau biyu a rana, a kan lokaci, a wani lungu ko ɗaki da za a iya rufewa. Kada kowa ya je wurin sai ya gama ya fito da kansa, sannan a ɗauke kaskon. In karnuka biyu ne, kowa da wurinsa. Ƙashi, in an san yana faɗa a kansa, a daina ba shi a tsakar gida inda yara ke kai da kawowa. Wannan kaɗai ya ishi gidaje da yawa, kuma ba ya cin ko kwabo.

Wanda yake son ya ƙara a kan haka, ga hanya. Babban mutum ne zai yi, wanda karen ya sani, ban da yara. Ka tanadi abin da ya fi abin cikin kaskon daɗi, kamar 'yar tsokar nama, ko ganda, ko busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Yana cikin cin abinci, ka tsaya daga nesa inda bai damu da kai ba, ko taku goma ne. Ka jefa masa tsokar, ka juya ka tafi abinka. Gobe haka, jibi haka. Bayan 'yan kwanaki za ka ga da ya hango ka sai ya ɗago kai, jiki a sake, yana jiran rabonsa. To, sai ka rage taku ɗaya. In ka ga ya sandare ko ya ƙara saurin ci, ka yi gaggawa ke nan, koma inda kake jiya. Abin da kake koya masa shi ne zuwan mutum ƙari yake kawowa. Aikin yakan ɗauki makonni, wani karen har watanni, kuma mai garaje ba ya gama shi.

Haka nan in ya ɗauki abin da bai kamata ba, takalmi ko tsumma, kada a bi shi da gudu ana ja. A yi musaya. Nuna masa nama, jefa shi can gefe, in ya saki abin ya bi naman sai ka ɗauke.

Maganar ƙofa ta fi wuya, ga dalili. Almajiri ya zo, kare ya yi haushi, almajiri ya tafi. Mai ruwa ya zo, ya yi haushi, ya tafi. A wurin kare, haushinsa ne ya kore su, don haka kullum ƙara samun ƙarfin gwiwa yake yi. A unguwa irin Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku, inda gida ke jingine da gida, 'yan makarantar allo da 'yan Islamiyya da 'yan talla na wucewa safe da yamma, ba za a bar wannan ga sa'a ba. Dokar gida ta zama ɗaya: ba a buɗe ƙofa sai an shigar da kare ɗakinsa. A sake shi da dare bayan an rufe gida, a mayar da shi kafin a fita sallar asuba. Ɗakin ya zama mai inuwa da iska da ruwa, wanda zai iya tsayawa ya juya a ciki. Da rana kuma a samu lokacin fitar da shi ya motsa jiki da igiya a wuya, in mai cizo ne a sa masa takunkumi. Masu rubuta gargaɗi a ƙofa su haɗa da zanen kare, don ba duk mai sallama ne ya iya karatu ba.

Yara su san abu uku: ba a taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. In kare ya taso musu kada su ruga, domin gudu ke sa shi bi. Su tsaya cik, hannu a jiki, su kau da ido.

In cizo ya auku

Nan ne batun ya wuce horo ya zama na rai. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin shi ne akwai allurarsa tun 1885, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa wani yaro ita ya rayu.

Da an yi cizo, ko yaƙushi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. A duba agogo, minti 15 yana da tsawo. Kada a ɗaure ciwon, kada a zuba masa toka ko ƙonannen gashin karen kamar yadda wasu ke yi. A tafi asibiti a ranar, a faɗa musu cizon kare ne. Mutanen wannan yanki ga Asibitin Malam Aminu Kano a kusa da su, kan titin Zariya. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban, kuma dole a cika su ko da ciwon ya warke. Cutar takan kwanta a jiki wata biyu ko uku, wani lokaci har shekara, kafin ta tashi.

Karen kuma kada a yi saurin kashe shi. A kulle shi kwana 10 ana ba shi ci da sha, malamin dabbobi yana dubawa. In ya wuce kwanakin nan lafiya, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. In ya mutu ko an riga an kashe shi, kada a taɓa gawar da hannu, a kira ma'aikatan dabbobi su ɗauki kan don a auna. Karen da ya sake hali farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon itace da ƙarfe, muryarsa ta sauya, ko ƙafafun baya sun mutu, kada kowa ya kusance shi da sunan horo.

Riga-kafin kare ana fara shi yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin wannan allura a ƙasar nan. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar takan daina yawo a cikinsu. A adana katin allurar tare da takardun gida, domin shi za a fara tambaya ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabci.

Akwai karen da gyaransa ya fi ƙarfin maigida, wanda ya yi cizo mai zurfi fiye da sau ɗaya, ko yake cizo ba gargaɗi, ga kuma ƙananan yara a gidan. Irin wannan ba ya zama gida ɗaya da yara. Wasu sukan ɗauke shi a mota su yar a bayan gari, ko su ba wani ba tare da sun faɗa masa halinsa ba. Mu da muke ƙauye mun san inda irin waɗannan karnuka suke ƙarewa, a cikin awakinmu da 'ya'yanmu. A kai shi wurin likitan dabbobi, a faɗi duk abin da ya yi ba ɓoye-ɓoye, shi zai duba ko a mayar da shi gadin wurin da ba yara, ko a yi masa allurar da za ta kashe shi ba tare da wahala ba.