Gawayi da Lemon Tsami Ba Sa Gyara Haƙori

Tun da bidiyoyin goge haƙori da gawayi suka cika TikTok da zaurukan WhatsApp, mata da 'yan mata, har da samari, suka duƙufa dakan gawayi. Za ka ga mace ta tankaɗe garinsa, ta matse lemon tsami a ciki, wani lokaci ta ƙara gishiri ko bakin soda, ta dangwala buroshi ta dirje haƙoranta da iya ƙarfinta, sannan ta wage baki a gaban kyamara, sun yi fari fat. Wasu masu gyaran amare sun saka haɗin cikin kayan aikinsu, wasu kuma sun ɗura shi a 'yan robobi suna sayarwa. In ka yi magana sai a ce maka ai da gawayi da toka kakanninmu suka goge baki, kuma da haƙoransu suka shiga kabari.

Gaskiya ne da yawa daga cikinsu sun tsufa da haƙoransu. Abin da ba a faɗa shi ne, ba su sha sukarin da muke sha ba. Tsohon da ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka, da fura da nono ba sukari, bakinsa bai ga abin da bakin jikansa ke gani a yini ɗaya ba: shayi mai cokali huɗu da safe, biskit da alawa a makaranta, zoɓo da rana, lemon kwalba da dare. Kuma su ba farin haƙori suke nema ba. An yi zamanin da adon mace shi ne ta ci goro da fure haƙoranta su yi ja.

Saman kowane haƙori akwai wani ɓawo mai ƙyalli da likitoci ke kira inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ko ƙashi bai kai shi ba, amma yana da rauni guda: idan ya tafi ba ya dawowa. Fata ta kan warke, ƙashi ya kan ɗore, shi kuwa jiki ba ya sake ƙera shi. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai laushi, launinsa rawaya-rawaya, mai ƙananan hanyoyi da ke kaiwa ga jijiya. Duk matar da ta taɓa mallakar kwanon samira ta san labarin. In aka dinga cuɗa shi da yashi, ranar farko zai yi ƙyalli, a yi ta yabon mai wanke-wanke. Bayan 'yan watanni fentin ya sirance, baƙin ƙarfen ciki ya leƙo, tsatsa ta samu wurin zama, kuma babu wankin da zai mayar da fentin. Haka mai dirzar haƙori da gawayi: makon farko dattin goro da shayi ya fita, sai murna. Daga baya haƙoran su ƙara yin rawaya saboda na cikin ya fara nunawa, ruwan sanyi ya gagara sha, sai a ɗauka datti ne ya dawo, a ƙara ƙarfin dirza.

Lemon tsamin ya fi gawayin ɓarna. A ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ƙanƙantar lamba ke nufin tsananin tsami, inamel yana fara narkewa idan aka sauka ƙasa da 5.5. Ruwan lemon tsami yana wajen 2. Wato haɗin nan yana fara tausasa ɓawon haƙori, sannan garin gawayi ya bi ya kankare shi. A shekarar 2017 mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta buga wani nazari da ya bi diddigin abin da aka rubuta kan man goge baki mai gawayi, kuma marubutan ba su samu isasshiyar hujjar da ke tabbatar da amfaninsa ko rashin illarsa ba.

Abin da ke cin haƙori ba launi ba ne. Ka sa farcenka ka kankari gindin haƙorinka da yamma, daidai inda ya haɗu da dasashi, za ka ga wani farin datti mai danƙo ya biyo farcen. Mutane na ɗaukarsa ragowar tuwo ne, alhali tarin ƙwayoyin cuta ne da suka yi gida a wurin. Su ne ke cin sukarin da ya shiga baki, su fitar da ruwa mai tsami, tsamin ya riƙa zare ma'adinan haƙori har rami ya buɗe. Tun a 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke mai aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana wannan. Babu wata tsutsa a cikin kogon haƙori, duk da cewa har yau akwai masu karɓar kuɗin mutane a kasuwannin ƙauye da sunan fitar da ita da hayaƙi.

A shekarun 1940 wani mai bincike, Robert Stephan, ya auna abin da ke faruwa a dattin nan bayan an kurkure baki da ruwan sukari. Cikin 'yan mintoci tsami ya kan hauhawa ya wuce iyakar da haƙori ke jurewa, kuma sai an ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya kafin miyau ya daidaita shi. Wannan ne ya sa yawan lokutan da sukari ke shiga baki ya fi yawan sukarin kansa muhimmanci ga haƙori. Wanda ya sha lemonsa tare da abinci ya gama, hari ɗaya aka kai wa haƙoransa. Ɗan tireda ko tela da ke tsotsar minti ɗaya bayan ɗaya daga hantsi zuwa la'asar, bakinsa bai huta ba ko na awa guda. Miyau shi ne mai gyara, shi ke wanke tsamin ya mayar da ma'adinan da aka zare, kuma da zarar mutum ya yi barci sai ya ragu ƙwarai. A nan mafi yawanmu muke yin asara. Muna goge baki da safe saboda kada a ji wari a cikin mutane, da dare kuwa, lokacin da bakin ba shi da mai tsaro, sai mu sha shayi wajen mai shayi mu wuce shimfiɗa. Da za a tilasta wa mutum ya zaɓi sau ɗaya a yini, na dare ya kamata ya zaɓa. Amma sau biyu ake so: kafin barci, bayan an gama ciye-ciye, da kuma da safe.

Akwai wata fahimtar da ta fi ta gawayi ɓata mini rai, domin tana sa mutane su bar magani daidai lokacin da suke buƙatarsa. Mutum ya goge baki ya tofar, ya ga jini, sai ya ce buroshi ne ke ji masa ciwo, ya daina taɓa wurin. A 1965, a ƙasar Denmak, Harald Löe da abokan aikinsa sun sa wasu matasa masu lafiyayyen dasashi su daina tsaftace baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya warke. Jinin nan alama ce ta cewa dattin ya daɗe a wurin, kuma maganinsa shi ne a ci gaba da gogewa a hankali. Idan aka bar shi, dattin ya kan daskare ya zama dutse a gindin haƙora, wanda buroshi ba ya iya cirewa sai a asibiti. Daga nan ciwon ya gangara ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, har ya fara girgiɗi, sai a ce tsufa ne. Masu ciwon suga suna cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari. Idan jinin ya ƙi tsayawa bayan mako biyu ana gogewa yadda ya kamata, a je a ga likita.

Aikin kansa ba shi da wuya. A sayi buroshi mai laushi, ba mai taurin nan da ake tallarsa ga masu shan taba ba. A karkata gashinsa ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa juya shi a hankali, haƙori biyu-biyu, waje da ciki da saman turame, har minti biyu su cika. Wurin da aka fi mantawa shi ne bayan haƙoran gaba na ƙasa, ta wajen harshe, kuma nan ne dutsen ya fi taruwa. Buroshin da gashinsa ya baje cikin wata ɗaya yana shaida cewa mai shi yana danna shi da yawa. A canza shi duk wata uku, kuma kowa da nasa. Sau ɗaya a yini a tsaftace tsakanin haƙora da zaren da aka yi domin haka, wanda ake samu a manyan kantunan magani, domin gashin buroshi ba ya shiga lungun. Sakace da tsinken tsintsiya, ko allura, ko reza, nama kawai yake fitarwa, ya bar rauni. A goge bayan harshe, domin mafi yawan warin baki daga nan yake tasowa, ba daga ciki ba.

Asuwaki yana nan da darajarsa, ta addini da ta lafiya. Wanda ke yinsa a kowace salla yana tarwatsa dattin nan sau biyar a yini, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗinsa a tausasa bakinsa, a yanke wanda ya tsufa, a kai shi kowane haƙori, ba a rataye shi a gefen baki ana hira ba. Sai dai miƙaƙƙen icce ba ya juyawa ya kai bayan turame cikin sauƙi, kuma ba ya ba haƙori fuloraid gwargwadon da man goge baki ke bayarwa. A haɗa su biyun.

Fuloraid ɗin nan shi ne ainihin abin da ake saye a cikin makilin, ba kumfa ko ƙamshi ba. Yana taimaka wa haƙori ya mayar da ma'adinansa, ya ƙara jure tsami, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka man da ke ɗauke da shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. A duba jikin kwalin, a ga an rubuta tsakanin 1,000 da 1,500 ppm. Bayan an goge a tofar da kumfar kawai, kada a bi da kurkura da buta guda, domin hakan wanke maganin ne kafin ya yi aiki. Masu tsoron fuloraid suna da abin nunawa: a Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai fuloraid da ya ninka ƙa'ida ya ɓata haƙoran yara masu yawa, ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu, kuma a yankunan Langtang da Kaltungo ana ganin haƙora masu tabon ruwan ƙasa saboda ruwan sha. Wannan illar haɗiyar mai yawa ce shekara da shekaru lokacin da haƙora ke tsirowa, ba ta shafawa a tofar ba. Irin wannan tabon a cikin haƙorin yake, ko buhun gawayi aka ƙarar ba zai fita ba.

Saboda haka ake auna wa yara man goge baki. Da zarar haƙorin farko ya fito a fara goge shi, da man da bai wuce ƙwayar shinkafa ba har shekara uku, daga nan kamar ƙwayar wake har shekara shida, kuma babba ya tsaya a kai har yaro ya kai bakwai ko takwas. Cewa haƙoran nono za su faɗi ba hujjar sakaci ba ce, su ke riƙe wa na dindindin gurbi, kuma ruɓewarsu ciwo ne da hana barci. A daina kwantar da jariri da fida mai shayi ko lemo a baki.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki. Mu a nan muna da namu na musamman: ciwon noma, wanda ke farawa daga gyambon dasashi a bakin yaro mai tamowa, ya cinye kunci da leɓe cikin kwanaki. A Sakkwato akwai asibiti sukutum domin shi tun 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa aka saka shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci na Hukumar Lafiya ta Duniya a Disambar 2023. Duk da haka, ka shiga ƙananan asibitocin karkara ka nemi mai duba baki, da wuya ka samu, kuma duban haƙora da farce da malamai ke yi a layin safe ya ɓace a makarantu da dama. Ma'aikaciyar da ke auna nauyin yaro ranar rigakafi za ta iya ɗaga leɓensa ta duba dasashinsa, ba sai an ware wani kasafi ba. Kafin hukumomi su waiwayo, iyaye su riƙa ɗaga leɓen 'ya'yansu da kansu, kuma duk yaron da aka ga dasashinsa na jini da wari, kuncinsa ya fara kumbura, a kai shi asibiti a ranar.