Rumbun Ajiyar Intanet: Ko Har Yanzu Yana Rage wa Ɗan Kasuwa Tsada?

LAFIYA: Duk mai niyyar buɗe ofis ko masauki kusa da filin jirgin dakon kaya na Kwandere, wanda aka ƙaddamar a 2022, dole ya sa kuɗin intanet cikin lissafinsa na wata-wata. Akwai wata tsohuwar dabara ta rage wannan kuɗi da ya kamata a san iyakarta kafin a zuba mata jari.

Dabarar ita ce a girka kwamfuta guda a tsakanin na'urorin ofis da layin waje. Idan ma'aikaci ya buɗe wani shafi, sai ta ajiye kwafinsa. In wani ya nemi shafin nan, sai ta miƙa masa daga ajiyarta, ba tare da an sake ɗauko shi daga Turai ko Amurka ba. Ba a taɓa saitin na'urar kowa, mai amfani ma bai san da ita ba. Watau dai kamar mai shago ne da ya saro buhu guda ya ajiye, maimakon zuwa kasuwa saboda kowane mudu.

A farkon shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet da yawa a Nijeriya suka dogara ga tauraron ɗan'adam, wannan riba ce a fili. Tauraron yana nisan kimanin kilomita 36,000, kowane saƙo kan ci fiye da rabin daƙiƙa kafin amsa ta dawo, ga kuma tsadar layi. Manhajar Squid, wadda ta fito a 1996 kuma kyauta ce, ta yi wa masu shaguna da dama wannan aiki.

Amma fa zamani ya juya. Yanzu akasarin shafuka a kulle suke tafiya tsakanin mai shafi da mai karatu, musamman tun bayan da Let's Encrypt ta soma ba da takardar kullewa kyauta a 2015. Abin da rumbun bai iya karantawa ba, ba zai iya ajiyewa ba. Saboda haka wanda ya sayi irin wannan na'ura yau da fatan rage rabin kuɗin layinsa, da wuya ya mai da uwar kuɗinsa.

Ajiyar ba ta mutu ba, hannu ta sauya. Kamfanoni irin su Google da Netflix su ne ke kai rumbunansu cikin kamfanonin sadarwa da cibiyoyin musaya, irin su IXPN da aka kafa a Legas a 2006, wadda ke da reshe a Abuja. Amfanin ajiya a cikin gida ya bayyana ranar 14 ga Maris, 2024, sa'ad da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse, harkar bankuna ta tsaya cik a wurare da dama.

Ga ɗan kasuwar Lafiya, tambayar da zai yi wa mai sayar masa da layi kafin ya sa hannu ita ce: shin layin naku yana haɗe da cibiyar Abuja?