WANI HANIN GA ALLAH BAIWA NE: IDAN BA A ƊAUKI YARO A GWAJIN MAGANI BA

Mu ƙaddara wani uba ya taso daga Badafi ko Tudun Wada da ɗansa mai cutar sikila, don ya ji ana gwajin magani a Kano. Bayan an auna yaron sai likita ya ce, "Baba, ɗanka bai cika sharuɗɗan shiga ba." Uban zai juya gida jiki a sanyaye, yana ganin an hana shi rabonsa. To, amma shin hakan take?

Sikila ba a jini kawai take tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa tana taɓawa. Binciken Amurka na 1998 ya nuna cewa, in babu rigakafi, kimanin kashi 11 cikin ɗari na masu cutar kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. Dalili kuwa shi ne ƙuntatar jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Kamar yadda ruwan madatsar Tiga ke ƙara gudu inda magudanarsa ta tsuke, haka jini ke yi. Da na'urar TCD ake auna wannan gudu. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, yaro na cikin babban haɗari.

A 2016 aka fara gwajin SPRING a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. An ɗauki yara 220, 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda gudun jininsu ya kai wancan mizani, aka ba su haidiroksiyuriya, maganin da ke rage lanƙwashewar jajayen ƙwayoyin jini. Rabi sun sha miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinsu a kullum, rabi kuma 20. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awon ma ya wadatar.

Ke nan yaron da aka mayar domin gudun jininsa bai kai 200 ba, haɗarinsa ne bai kai na sauran ba. Wannan abin godiya ne. Waɗanda aka ƙi ɗauka saboda sun riga sun taɓa shanyewa kuwa, an shirya musu nasu gwajin mai suna SPRINT a Kano. Kada a manta, gwaji tambaya ce, ba alkawarin waraka ba. Ana tsananta sharuɗɗa ne domin a kare yaro, kuma amsar ta fito sahihiya.

Me ya kamata iyaye su yi? Na farko, su nemi likita ya fayyace musu dalili. Na biyu, kada su yanke zuwa asibiti, domin kulawar yau da kullum ba ta rataya ga gwaji ba. Na uku, a maimaita awon TCD duk shekara, daga shekara 2 zuwa 16, saboda gudun jini yana iya sauyawa.

Ku kuma malamai, in kun ga bakin ɗalibi mai sikila ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, ku garzaya da shi asibiti nan take. A irin wannan hali, jinkiri ba alheri ba ne.