Daga Gandu Zuwa Ɗakin Zaure: Zaman Baligi a Gidan Mahaifinsa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Da wuya a yau a ratsa unguwa guda a Kano ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato ba a tarar da gidan da saurayi mai shekara 30, ko kusa da haka, yake kwana a ɗakin zaure ko shagon ƙofar gida ba. Ya gama karatu, ya yi hidimar ƙasa, amma har yanzu daga tukunyar mahaifiyarsa ake zuba masa tuwo. Dattawa kan kira wannan hali zaman kashe wando, su kuma samarin su ce ba su suka kashe zomon ba, rataya aka ba su. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa zaman ɗa baligi a ƙarƙashin ubansa daɗaɗɗen abu ne a wurin Bahaushe, yana da suna, yana da ƙa'idoji, watau gandu. Abin da ya sauya shi ne sharuɗɗan zaman. A gandu kowane ɓangare yana bayarwa yana karɓa, alhali kuwa zaman da ake yi yanzu ya gaji inuwar gandu ba tare da gonarsa ba.

2.0 Ma'anar Gandu da Sharuɗɗansa

Kalmar gandu tana ɗauke da ma'ana biyu masu dangantaka da juna. Ta farko ita ce babbar gonar gida. Ta biyu kuma ita ce yarjejeniyar da ke tsakanin mai gida da 'ya'yansa maza, ko ƙannensa, cewa za su noma wannan gona tare, a zuba amfaninta a rumbu ɗaya, a kuma ci daga tukunya ɗaya. Ɗan da ke cikin gandu yana iya zama magidanci mai mata da 'ya'ya, yana da sashensa a cikin gida, amma duk da haka ƙarƙashin mahaifinsa yake.

Abin da ke kan ɗa a bayyane yake. Da damina zai fita gonar gandu tun da safe har zuwa azahar, a ranakun da aka saba, waɗanda yawansu ya bambanta daga gari zuwa gari. Abin da ke kan uba kuwa ya fi haka yawa. Shi zai ciyar da ɗan da iyalinsa, ya ba da iri da kayan aiki kamar fartanya da garma, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari, ya kuma sayi ragon suna idan an yi haihuwa. Daɗin daɗawa, zai yanka masa 'yar gona ta ƙashin kansa, wadda ake kira gayauna, wasu wurare kuma kurga, a ƙasar Maraɗi kuwa gamana. Da yamma, da kuma ranakun da ba na gandu ba, ɗan zai shiga gayaunarsa, kuma abin da ya samu a ciki ba mai tambayarsa yadda ya yi da shi. Haka nan abin da ya samu da rani ta hanyar saƙa ko jima ko dukanci ko fatauci, galibi nasa ne.

Masana sun bar bayanai a kan wannan tsari. M. G. Smith ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, ya buga sakamakonsa a 1955. A daidai wannan lokaci ne matarsa Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, inda tsohuwar ta bayyana yadda bayin rinjin gidansu suke noma gandu har azahar kafin su koma gonakinsu. Wannan yana nuna cewa tsari guda ne ya haɗa ɗa da bawa a gona, ko da yake ɗa yana da gado, yana kuma da ikon fita. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 ta kuma buga littafinta a 1972, ta lura da abubuwa biyu masu muhimmanci ga wannan maƙala. Na farko, gandun manoma masu hali ya fi ƙarfi, domin suna da abin da za su riƙe 'ya'yansu da shi, shi kuwa ɗan matalauci yakan tafi ƙwadago a gonar wani ko ya bar gari. Na biyu, gandun 'yan'uwa bai cika daɗewa ba bayan rasuwar uba. Ke nan a wancan zamani zaman ɗa a gida alamar wadata ce, fitarsa da wuri kuwa sau da yawa alamar rashi.

3.0 Matsayin Shari'a

Yana da kyau a bambance abin da al'ada ta ɗora wa uba da abin da shari'a ta wajabta masa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, muddin ba shi da wata naƙasa da za ta hana shi nema. Ciyar da 'ya mace kuwa yana kansa har ta yi aure ta tare. A ɗaya gefen, ɗa mai hali wajibi ne ya ciyar da iyayensa idan matalauta ne.

Saboda haka duk abin da uba ya yi wa ɗansa lafiyayye bayan balaga, ko dai kyautatawa ce ko kuma musaya da aikin da ɗan yake yi. Gandu ya tsaya ne a kan musaya. Uba ya ci ƙarfin ɗansa yana saurayi, ya biya shi da abinci da aure da gayauna. Idan ƙarfin uban ya ƙare, sai ragamar gida ta koma hannun babban ɗa, tsohon ya zauna a zaure ana ciyar da shi daga rumbun da shi ya kafa. Gandu shi ne makarantar saurayi, shi ne jarinsa, shi ne kuma fanshon dattijo.

4.0 Abubuwan da Suka Raunana Gandu

Abu na farko shi ne kuɗi. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, haraji ya koma na tsabar kuɗi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Saurayin da ya noma gyaɗa a gayaunarsa, ko ya tafi cin rani, sai ya ga zai iya biyan harajinsa ya kuma tara kuɗin aure ba tare da ya jira ubansa ba. Waɗannan biyun kuwa su ne manyan igiyoyin da suka ɗaure shi a gida. Igiyar haraji ta ƙara saki lokacin da gwamnonin jam'iyyar PRP da aka zaɓa a 1979, watau Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali.

Abu na biyu shi ne ƙarancin ƙasar noma. Rabon gado yana yanka gona gida-gida a kowane ƙarni, jama'a tana ƙaruwa, birane kuma suna cinye gonakin da ke kewaye da su. Ɗorayi, inda Polly Hill ta yi bincikenta na biyu da ya fito a 1977, ta kuma tarar da manyan gidaje masu ɗimbin jama'a, yanzu ta zama unguwa a cikin Kano. Uban da gonarsa ta koma fuloti ba shi da inda zai yanka wa ɗansa gayauna.

Abu na uku shi ne ilmin boko. Shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 ya kwashi yara da yawa daga gona zuwa aji. A shekarun arzikin man fetur, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, wannan ciniki ne mai riba, domin wanda ya gama ko da kwalejin horon malamai ce aiki na jiransa. Iyaye suka ɗauki takardar shaida a matsayin sabuwar gayauna. Amma tun daga shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida a 1986, ɗaukar ma'aikata ya ja baya, darajar naira ta riƙa zubewa, makarantu kuwa ba su daina yaye ɗalibai ba.

5.0 Siffar Zaman Yanzu

Daga nan ne aka sami sabon nau'in zaman gida. Yaron da a da zai fara amfanar gida tun yana ɗan shekara 10, yanzu gida ne ke kashe masa kuɗi har ya wuce 25. Yajin aikin malaman jami'a yana ƙara tsawaita wannan lokaci, alal misali na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayan haka sai shekara guda ta hidimar ƙasa, wadda aka kafa tun 1973, sannan ya dawo ɗakinsa na zaure yana jiran aiki. Aure, wanda shi ne ke mai da saurayi magidanci a idon Bahaushe, ya yi masa nisa, domin bayan sadaki akwai lefe da kuɗin haya, abubuwan da a gandu uba ne ke ɗauke su ko kuma babu su sam.

Nauyin yana sauka ne a kan mutumin da ke tsakiya. Magidanci mai shekara 55 ko 60 yakan sami kansa yana aika wa tsofaffinsa abinci a ƙauye, yana biyan kuɗin makarantar ƙanana, yana ciyar da manyan da suka gama karatu, wani lokaci har da 'yarsa da aurenta ya mutu ta dawo da goyo. Idan ma'aikaci ne, ya yi ritaya yana jiran fansho da garatuti a daidai lokacin da ubansa a zamanin gandu ya riga ya miƙa ragama ya huta. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar sufuri da abinci, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kuwa bai isa riƙe gida mai baki goma ba.

Illar ba ta tsaya a aljihu ba. Ɗan gandu yana da ta cewa a gida domin guminsa yana cikin rumbu. Saurayin yau kuwa, wanda sai ya miƙa hannu kafin ya sayi sabulu ko ya hau mota, girmansa yana zubewa a idon ƙannensa, shi ma yana jin haka a ransa. Daga nan ake samun yawan zaman majalisa, da ƙunci, da saɓani tsakanin 'yan uba a kan wanda aka fifita, a wasu lokuta har da faɗawa shaye-shaye. Uban ma da yake tsammanin hutu sai ya ga kamar ya yi shuka a idon makwarwa.

Sai dai adalci ne a faɗi cewa ba duk wanda ke gidan ubansa ne cima-zaune ba. Akwai matasa masu tuƙa A Daidaita Sahu, da masu gyaran waya, da teloli, waɗanda suke kwana a gida amma su ne ke kawo cefane. Akwai kuma 'yan mata malaman makaranta da ma'aikatan jinya waɗanda albashinsu ke riƙe da iyayensu, abin da tsarin gandu bai san da shi ba. A irin waɗannan gidaje iyaye ne suka dogara da 'ya'ya, kuma sau da yawa wannan ne ke hana saurayin tara abin da zai yi aure. Har ila yau, ruhin gandu yana nan da ransa a kasuwanni irin su Kantin Kwari da Kurmi, inda yaron shago, ko ɗa ne ko ɗan'uwa, yake yi wa maigidansa hidima na wasu shekaru, a ciyar da shi, a bar shi ya riƙa ɗan cinikinsa a gefe, daga bisani a yi masa aure a sallame shi da jari.

6.0 Kammalawa

An ga cewa gandu ya tsaya a kan ginshiƙai uku: aikin da ɗa yake yi wa gida, da gayaunar da yake mallaka shi kaɗai, da kuma sanin cewa akwai ranar da zai zama mai gidan kansa. Zaman da ake kuka da shi a yau shi ne wanda ya rasa ukun nan baki ɗaya. Samar da ayyuka nauyi ne na hukuma, kuma babu gidan da zai iya ɗauke mata shi. Amma abin da ke hannun iyaye shi ne su haɗa wa yaro karatu da sana'a tun yana sakandare, su ɗora masa wani nauyi sananne a cikin gida komai ƙanƙantarsa, su kuma sassauta tsadar aure a tsakaninsu. Abin da ke hannun saurayi, musamman ɗalibin jami'a, shi ne ya daina raina ƙaramar sana'a saboda takardar da ke hannunsa, domin Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gidan da ya mayar da waɗannan ginshiƙai, ko da ba shi da taki ɗaya na gona, zaman ɗansa a cikinsa zai koma abin da yake a da, watau ƙarfi ga uba da tsani ga ɗa.