Tanadin Wuta da Neman Sabon Makamashi a Daffon Soja na Albani

A bakin mutanen Zariya, in an ce Daffo ana nufin wurin horar da kuratan soja. A Amurka kuwa kalmar takan ɗauki ma'anar wurin ajiye kayan yaƙi da gyara su. Irin wannan daffo ne aka kafa a 1952 a garin Albani na Jihar Jojiya, domin rundunar da ake kira Marin, watau masu yaƙi a ruwa da tudu.

Daffo irin wannan maciyin wuta ne ƙwarai, gama akwai manyan rumbuna da za a haskaka, da ma'aikatun da ake kwance motocin yaƙi a sāke ɗaura su. Matsalar kuwa ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Muddin wutar daga waje take zuwa, duk ranar da waya ta yanke aiki ya tsaya. An ga misalin irin wannan hatsari sa'ad da guguwa ta afka wa daffon a Janairun 2017, kana wata, mai suna Michael, ta bi ta yankin a Oktoban 2018.

Hanya biyu aka bi. Ta fari ita ce rage ci. Aka canja fitilu da waɗanda ba su shan wuta da yawa. Aka kuma haƙa rijiyoyi masu zurfi, ana zagaya ruwa a cikinsu, ƙasa ta riƙe sanyin hunturu har a ci moriyarsa lokacin zafi, don a sauƙaƙa wa injinan sanyaya ɗakuna.

Ta biyu ita ce neman makamashi a kusa. Daura da daffon akwai babban jujin gundumar. Shara in ta ruɓe a binne takan fitar da iska mai kama wuta, wadda masana ke kira mitan. Tun 2011 ake janyo wannan iska ta bututu zuwa wani inji mai ba da megawat 1.9 na lantarki, zafin da injin ke fitarwa kuma a dafa ruwa da shi ya zama tururin aiki. Daga baya aka ƙara inji na biyu. Har wa yau aka girka wani mai megawat 8.5, wanda ke juyawa da tururin wata masana'anta ta maƙwabta mai ƙona ragowar itace. A 2022 aka bayyana cewa lantarkin da daffon ke samarwa ta waɗannan hanyoyi a shekara ya kai wanda yake sha, shi ne kuwa sansanin sojan Amurka na farko da ya cim ma haka.

Abin lura ga malami mai koyar da wannan darasi shi ne yadda hanyoyin biyu suka dogara da juna. Da ba a rage ci ba, da iskar juji da tururin itace sun yi wuyar isa, gama tulun da ke yoyo ba ya cika kome yawan ɗiba.