Man Etanol: Muhawarar Da Ta Haɗa Gona Da Gidan Mai

Tun daga shekarar 1975, lokacin da gwamnatin ƙasar Birazil ta yanke shawarar mayar da rake ya zama man mota, masana tattalin arziki da masana muhalli suke ta kai ruwa rana a kan man etanol, kuma har yanzu bakinsu bai zo ɗaya ba. Magoya bayansa suna cewa yana rage kuɗin da ƙasa ke kashewa wajen sayo mai daga waje, yana buɗe wa manomi kasuwa, kana yana rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Masu suka kuwa suna cewa abincin jama'a ne ake ɗura wa motoci, kuma in ba don hannun gwamnati ba, da sana'ar ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Maganar ta shafi Nijeriya, domin tun a 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar gauraya etanol a cikin fetur, kuma tsadar mai tun bayan janye tallafi a 2023 ta sa duk wata hanya ta rage dogaro da fetur ta zama abin dubawa ga masu zuba jari.

Etanol wani ruwa ne da ake samu idan aka matse ko aka niƙa amfanin gona mai zaƙi ko mai sitaci, aka bar shi ya yi tsami, sa'an nan aka dafa aka tara tururinsa. Shi ne sinadarin da ke cikin barasa, saboda haka wanda za a kai gidajen mai sai an zuba masa ɗan fetur ko wani abin da zai hana a sha shi. Yawanci akan gauraya kashi 10 cikin 100 na etanol da kashi 90 na fetur, kuma yawancin motocin zamani suna ɗaukar wannan haɗi ba tare da an taɓa injinsu ba. Sai dai ƙarfin litar etanol bai kai na litar fetur ba. Yana ba da kimanin kashi biyu cikin uku ne kawai na ƙarfin fetur, kuma a kan wannan gaskiya duk wani lissafin riba da asara yake tsayawa.

Darasin Birazil

Sa'ad da farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Birazil tana sayo kimanin kashi 80 cikin 100 na man da take sha daga waje. Ba da daɗewa ba kuma farashin sukari ya faɗi a kasuwar duniya, masana'antun rake suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Gwamnatin Janar Ernesto Geisel ta ga cewa za a iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, sai ta ƙaddamar da shirin Proálcool a watan Nuwamba na 1975. Ta ba masu masana'antu rance mai sauƙin ruwa, ta tsayar da farashin etanol ƙasa da na fetur, ta kuma wajabta sayar da shi a gidajen mai. A 1979 kamfanin Fiat ya fitar da mota mai amfani da etanol zalla, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 mafi yawan sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasar irin waɗannan ne.

Daga nan sai kasuwa ta juya. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a 1986, gwamnati ta rage tallafi, sukari kuma ya sake yin daraja. Masu masana'antu suka karkata rakensu zuwa sukari, domin can ne riba take. A 1989 da 1990 etanol ya yi ƙaranci, masu motoci suka riƙa bin dogayen layuka, jama'a suka yanke ƙauna. Kafin ƙarshen shekarun 1990 da wuya a ga mai sayen sabuwar motar etanol.

Abin da ya farfaɗo da sana'ar shi ne motar da kamfanin Volkswagen ya fitar a 2003, wadda ke shan fetur ko etanol ko haɗinsu a kowane gwargwado. Direba ya sami zaɓi, kuma akwai ƙa'idar da kowa ya sani a ƙasar: idan farashin litar etanol bai wuce kashi 70 cikin 100 na farashin litar fetur ba, sayensa ya fi riba. Duk da haka masana'antun sun sake shan wuya tsakanin 2011 da 2014, lokacin da gwamnati ta danne farashin fetur don yaƙi da hauhawar farashin kaya, kuma da yawa daga cikinsu suka rufe. A watan Agusta na 2025 ƙasar ta ɗaga gwargwadon etanol da doka ta wajabta a cikin fetur zuwa kashi 30 cikin 100.

Masarar Amurka

Amurka ita ce ta fi kowace ƙasa yin etanol, kuma ita da Birazil ne ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na wanda ake yi a duniya. Amma nata daga masara yake fitowa, musamman a jihohin tsakiyar ƙasar irin su Iowa da Nebraska da Illinois. An fara da rangwamen haraji a 1978. Dokar makamashi ta 2005 ta wajabta wa kamfanonin mai gauraya shi, ta 2007 kuma ta faɗaɗa wajabcin har etanol na masara ya sami gurbin galan biliyan 15 a shekara, wato kimanin lita biliyan 57. Rangwamen harajin senti 45 a kowane galan, da harajin senti 54 da aka ɗora wa etanol na waje, duka sun ƙare a ƙarshen 2011, amma wajabcin gaurayawar bai ƙare ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar da ƙasar ke nomawa yana tafiya masana'antun etanol.

A nan ne gardamar muhalli ta fi zafi. Masara tana buƙatar takin zamani mai yawa, wanda shi kansa da iskar gas ake yin sa, ga man da taraktoci ke sha, ga gas da ake ƙonawa wajen dafa ruwan. A 2005 David Pimentel na Jami'ar Cornell da Tad Patzek suka wallafa lissafin da ya nuna cewa makamashin da ake kashewa ya ɗara wanda ake samu da kashi 29 cikin 100. Ma'aikatar Gona ta Amurka da wasu masana suka musanta, suna cewa alƙaluman sun tsufa, kuma ba a ba dusar da ta rage bayan an cire etanol haƙƙinta ba, alhali kuwa abincin dabbobi ce mai daraja. Yawancin binciken da aka yi daga baya ya nuna ana samun rarar makamashi, sai dai ba mai yawa ba ce.

A 2008 Timothy Searchinger da abokan aikinsa suka kawo wata hujja a mujallar Science. Suka ce idan aka kwashe masarar abinci aka kai wa motoci, to dole wani manomi a wani wuri ya sare daji ko ya fasa makiyaya don cike giɓin, kuma hayaƙin da wannan ke saki zai iya cinye duk ribar da aka yi. Har yau ba a daidaita a kan wannan ba. Cibiyar bincike ta Argonne, mallakar gwamnatin Amurka, ta ƙiyasta a 2021 cewa etanol na masara ya fi fetur ƙarancin hayaƙi da fiye da kashi 40 cikin 100. A shekara mai zuwa, wato 2022, binciken da Tyler Lark na Jami'ar Wisconsin ya jagoranta ya ce mai yiwuwa hayaƙinsa ya ɗara na fetur da aƙalla kashi 24 cikin 100. Babban abin da ya raba su shi ne yadda kowanne ya ƙirga sababbin filayen da aka nome da kuma takin da aka zuba musu.

Rake bai fuskanci irin wannan suka ba, domin ɓawonsa da tuƙarsa ake ƙonawa a tafiyar da masana'anta, har ma a sayar da rarar wutar lantarki. Akan ƙiyasta cewa etanol na raken Birazil yana mayar da kimanin ninki takwas na makamashin da aka kashe masa. Shi ma yana da nasa tabon: ƙona gonaki kafin yanka ya daɗe yana gurɓata iskar jihar Sao Paulo, kuma da aka koma yanka da injina, dubban lebura sun rasa aiki.

Tukunya Ko Tanki

A farkon 2007 farashin gurasar masara, wadda ita ce abincin talaka a ƙasar Meziko, ya tashi har mutane suka fito zanga-zanga. Cikin 2007 da 2008 farashin hatsi ya hau a duniya baki ɗaya, aka yi tarzoma a ƙasashe da dama. Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin samun abinci a lokacin, ya bayyana mayar da gonakin abinci zuwa na mai a matsayin laifi a kan bil'adama. Shugaba Lula na Birazil ya ƙi yarda, yana mai ɗora laifin a kan tsadar ɗanyen mai da tallafin da ƙasashe masu arziki ke ba manomansu. Masana sun amince cewa etanol yana cikin dalilan, tare da fari da tsadar taki da hana fitar da hatsi da wasu ƙasashe suka yi, amma sun saɓa a kan girman kasonsa. A lokacin farin da ya afka wa Amurka a 2012, shugaban Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya roƙi a dakatar da wajabcin na ɗan lokaci, gwamnatin ƙasar ta ƙi.

Misali na baya-bayan nan shi ne Indiya, wadda ta cim ma burinta na kashi 20 cikin 100 a 2025, shekara biyar kafin wa'adin farko. A ƙarshen 2023 ta taƙaita amfani da ruwan rake wajen yin etanol don gudun ƙarancin sukari, masana'antu suka koma kan masara. A 2024 ƙasar da ta saba fitar da masara ta koma mai shigowa da ita, masu kiwon kaji kuma suka koka da tsadar abincin kaji.

Lissafin Nijeriya

Manufar 2007, wadda kamfanin NNPC ya jagoranci tsara ta, ta yi tanadin kashi 10 cikin 100 na etanol a cikin fetur, daga rogo da rake, tare da alkawarin hutun haraji ga masu zuba jari. An sanya hannu a kan yarjejeniyoyi da jihohi da dama, amma gaurayawar ba ta kankama a gidajen mai ba. Dalili guda a fili yake: muddin gwamnati tana biyan tallafi a kan fetur, babu etanol ɗin da zai iya gogayya da shi, kamar dai yadda masana'antun Birazil suka gani. Wannan shinge ya kau a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin. Sauran shingayen suna gona.

Buhun masara mai kilo 100 yana ba da kimanin lita 40 na etanol, wanda ƙarfinsa bai wuce na lita 27 na fetur ba. Duk ɗan kasuwar da ya kwatanta farashin buhu a kasuwar Dawanau da kuɗin lita 27 na fetur, ya ɗora kuɗin dafawa da sufuri, ya cire abin da dusa za ta kawo, zai gane ko akwai riba. Manomin Amurka yana samun kimanin tan 11 a kadada, na Nijeriya kuwa wajen tan 2, kuma wannan masarar ita ce tuwon gida da abincin kaji.

Rogo ya fi ba da fata, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, da kimanin tan miliyan 60 a shekara. Amma amfanin kadada bai kai tan 10 ba, alhali a Tailan yana kaiwa kusan tan 20. Bugu da ƙari, rogo yana fara lalacewa cikin kwana biyu zuwa uku da tonowa, don haka dole masana'anta ta kasance kusa da gona, da hanya mai kyau, kuma za ta yi takara da masu gari da alabo a kan kowane tan. Rake kuwa, wanda shi ne ya fi dacewa, ko sukarin da ake sha a ƙasar mafi yawansa daga waje ake kawo ɗanyensa, musamman daga Birazil, duk da gonakin Numan da Bacita da Sunti da kuma babban tsarin sukari na 2012.

Akwai kasuwar da ba sai an jira doka ba. Masana'antun magunguna da na turare da kayan shafe-shafe suna amfani da etanol, kuma mafi yawansa shigowa da shi ake yi. Masana'antar da ta fara da wannan kasuwa, ko wadda ke tace etanol daga baƙin ruwan da ya rage bayan an cire sukari, ba ta taɓa tukunyar kowa ba, kuma tana da masu saye a hannu. Wanda ya gina tasa a kan fatan gwamnati za ta wajabta gaurayawa kuwa, ya ɗora jarinsa ne a kan manufar da ta shekara fiye da goma sha biyar a kan takarda. Abin da ya faru a Birazil a 1989 da Indiya a 2023 ya nuna cewa duk ranar da abinci da mai suka yi karo a kan amfanin gona guda, masu jari a masana'antar etanol da masu dogaro da ita ne ke fara jin jiki. Saboda haka aikin da ke gaban hukumomi da 'yan kasuwa shi ne ɗaga amfanin kadadar rogo da rake tukuna, domin ba a fafe gora ranar tafiya.